Farautar aladen daji a cikin shinge: yadda ake yin ta, da abin da za ta jawo idan aka kawo ta Kebbi

Tambaya daga wani matashi a ƙasar Zuru: "Baba, na sha kallon bidiyo a YouTube na Turawa da ke biyan kuɗi a shigar da su wani daji da aka kewaye da waya, ɗan jagora yana gaba, su harbi aladen daji. Ina son in san yadda wannan sana'a take. Muna da fili mai faɗi da iyayenmu suka bari, kuma gadu yana yi mana ɓarna a gonar rogo da gyaɗa. Shin zan iya kewaye filin, in tara gadun a ciki ko in sayo irin na Turai, in riƙa karɓar baƙi suna biyana?"

Amsa: Ɗana, tambayarka ta mai neman na kansa ce, kuma na ji daɗin da ka yi ta tun kafin ka kafa turken shinge ko ɗaya. A matsayina na wanda ya yi aikin gandun daji da kula da namun dawa har ya yi ritaya, zan bayyana maka yadda sana'ar take a inda ake yin ta. Amma gara ka san ra'ayina tun daga farko: ban goyi bayan a shigo da aladen dajin Turai ƙasar nan ba ko da guda biyu ne, kuma ban ga riba a tara gadu cikin waya don a riƙa harbinsa ba.

Da farko dai, dabbar da ka gani a bidiyo da wadda take tone maka rogo ba ɗaya ba ne. Aladen dajin da Turawa ke farauta asalinsa daga Turai da Asiya yake, sai kuma duwatsun arewacin Afirka a Maroko da Aljeriya da Tunisiya, kuma shi ne kakan aladen gida, shi ya sa suke barbara da juna su haihu ba tare da wata matsala ba. Babban namiji a yammacin Turai yakan kai kilo 100, a Turkiyya da Rasha kuwa ana samun wanda ya haura kilo 200. Yana da wata kakkaurar fata mai tauri a kafaɗa wadda take kare shi idan suna faɗa da 'yan'uwansa maza, kuma haurensa na sama yana wasa na ƙasa duk lokacin da ya buɗe baki ya rufe, har ya yi kaifin da zai farke cikin kare ko cinyar mutum. Wannan dabba ba ta cikin dazuzzukan Nijeriya. Abin da muke da shi a nan arewa shi ne gadu, a kurmin kudu akwai jan aladen kurmi, a dajin Gashaka-Gumti kuma akwai wani ƙaton baƙin alade.

Sana'ar ta fi ƙarfi a Amurka, musamman a jihohin Tekzas da Filorida da Tenesi, ana kuma yin ta a wasu ƙasashen tsakiyar Turai inda killace daji don farautar sarakuna tsohuwar al'ada ce. Mai fili yakan kewaye dajinsa, wani hekta 'yan gomomi, wani dubbai, ya gina masauki da ɗakin sanyi na ajiye nama da wurin fiɗa, ya ɗauki 'yan jagora waɗanda suka san kowace hanya da dabbobin ke bi. Baƙo yakan kama wuri tun da wuri ya ba da kafin alƙalami. Ranar da ya iso za a fara kai shi filin gwaji a ga ko bindigarsa tana kai harsashi inda ya nufa, a karanta masa dokokin wurin, ya sa hannu cewa idan ya ji rauni ba zai kai ƙara ba. Daga nan sai a zaɓi irin farautar. Mafi sauƙi ita ce a zaunar da shi a wata 'yar rumfa bisa dogayen ƙafafu, daura da wata na'ura da ke watsa masara a lokaci guda kullum, wadda aladun sun riga sun saba da ƙararta. Akwai kuma ta bin sawu da ƙafa, inda ɗan jagora ke lura da inda iska take kaɗawa, domin alade ba ya gani sosai amma hancinsa ba ya kuskure. Akwai ta karnuka, wadda ake sakin masu haushi su tsare dabbar, sannan a saki masu kamu da aka sa wa rigar kariya su riƙe ta a kunne, baƙo ya zo ya soke ta da wuƙa. Wasu kuma sai dare ya yi suke fita, da madubin bindiga mai gane ɗumin jiki.

Kuɗin yakan fara daga 'yan ɗaruruwan daloli ya wuce dubu, gwargwadon kwanakin da aka yi da nauyin dabbar ko tsawon haurenta, kuma akwai ladan ɗan jagora da na fiɗa da na wanda zai gyara kan don a rataye a bango. A yawancin wuraren, dabbar da ka harba ta zubar da jini ta tsere an ƙidaya maka ita. Da yawa daga cikinsu suna talla cewa idan ba ka kashe ba, ba za ka biya ba, kuma wannan alkawari shi ne ya kamata ya sa ka tsaya ka yi tunani, domin babu maharbin gaskiya da zai iya yi maka alkawarin nama tun bai shiga daji ba. Mai shinge yana iya yi ne saboda shi ya zuba dabbobin, ko dai ya kiwata su ko ya saye su daga masu ɗana tarko, kuma ya san ba su da mafita.

Wannan ne ya sa su kansu mafarautan Amurka suka rabu a kan lamarin. Ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa a 1887 kafin ya zama shugaban ƙasa, ta ginu ne a kan cewa dole dabba ta kasance tana da damar tsira, kuma ba ta shigar da dabbar da aka kashe cikin shingen da ba ya ƙetaruwa a kundinta na bajinta. A 2000 mutanen jihar Montana suka kaɗa ƙuri'a suka hana biyan kuɗi don harbin namun da aka killace a gidajen kiwonsu. Adalci ne in ce wuraren ba duka suka zama ɗaya ba, domin a dajin da ya kai dubban hekta mai sarƙaƙiya, alade yana iya ɓace wa mutum kwana da kwanaki. Amma a ƙaramin fili, inda aka sauke dabbar daga mota da safe aka harbe ta da yamma, abin bai wuce harbin rago a kan turke ba, kuma duk wanda ya taso cikin maharban ƙasarmu, ya ga yadda mutum ke kwana yana bin sawu, ya san ba za a kira wannan farauta a gaban Sarkin Baka ba.

Babban dalilina dai yana wajen shingen kansa, kuma a nan nake son ka natsu. Tarihin wannan sana'a daga farkonsa zuwa yau tarihi ne na aladun da suka fita. A 1912 wani attajiri mai suna George Moore ya kawo aladun dajin Turai da ba su kai 20 ba, ya zuba su a wani fili da ya kewaye da katako a tsaunin Hooper Bald na jihar Karolina ta Arewa, don baƙinsa su riƙa farauta. A farkon shekarun 1920 da yawansu suka fasa shingen suka shiga daji, suka haɗu da aladun gida da ke yawo sake, waɗanda asalinsu ya koma ga irin da Sifaniyawa suka fara saukewa a Filorida tun 1539. Jikokinsu suka shiga babban gandun ƙasa na Great Smoky wajen 1950, kuma har yau ma'aikatan gandun suna fama da su. A Kanada an shigo da su a shekarun 1980 da 1990 don kiwon nama da farautar shinge, da kasuwa ta faɗi wasu suka tsere, wasu kuma masu su ne suka buɗe musu ƙofa, yanzu sun bazu a yankin noman alkama na ƙasar duk da tsananin sanyinsa. A Ingila, inda aladen daji ya ƙare ɗaruruwan shekaru da suka wuce, ya dawo ta hanyar waɗanda suka kuɓuce daga gonaki, har dajin Dean ya cika da su bayan wasu da suka tsere a ƙarshen shekarun 1990 da wasu da aka zubar a 2004.

Dalilin ba boyayye ba ne. Tsayin waya yana tare barewa, amma alade ta ƙasa yake bi, yana cusa hanci ya ɗaga wayar, ko ya tona rami, ko ya jira ruwan sama ya zaizaye gindin turke. Duk inda rafi ya ratsa fili, nan ne kafar da ba ta toshuwa, domin ambaliya ɗaya za ta kwashe abin da aka gitta. Dubi abin da ƙasar Denmak ta yi a 2019, lokacin da ta ja shinge na kusan kilomita 70 a iyakarta da Jamus don tare aladun daji: tsayinsa mita ɗaya da rabi ne kawai, amma sai da aka binne rabin mita a ƙasa. Kai kuma lissafa naka. Fili mai hekta 100, idan murabba'i ne, kewayensa kilomita 4 ne, kuma dole a zagaya shi da ƙafa kullum, rani da damina, a ƙasar da gara take cin itace, gobarar daji take bi ta kai duk shekara, wayar kanta kuma abin sata ce.

Idan suka fita, haihuwarsu ce take kayar da kowa. Mace tana iya ɗaukar ciki tun ba ta cika shekara ba, cikin nata wata uku da mako uku da kwana uku ne, takan haifi huɗu zuwa shida ko fiye, kuma inda abinci ya wadata tana iya haihuwa sau biyu a shekara. Masana a Tekzas sun ƙiyasta cewa sai an kashe kusan biyu bisa uku na aladun yanki a kowace shekara kafin yawansu ya tsaya inda yake, ba ma a yi maganar raguwa ba. Ma'aikatar noma ta Amurka ta ce akwai fiye da miliyan 6 a jihohi akalla 35, alhali a farkon shekarun 1980 jihohin da ke da su ba su kai 20 ba, kuma ƙiyasin da aka daɗe ana ambata na ɓarnarsu shi ne dala biliyan 1.5 a shekara. Tekzas ta halatta wa mafarauta masu biyan kuɗi harbinsu daga jirgi mai saukar ungulu a 2011, a 2019 kuma ta cire sharaɗin lasisin farauta ga mai harbinsu a filin da mai shi ya yarda, amma ba su ƙare ba. Ko a can, dokar jihar ba ta yarda a kai mace mai rai gidan farauta ba, sai maza kaɗai, saboda an san abin da mace ɗaya mai ciki za ta haifar idan ta sami kafa.

Akwai kuma darasin da ya fi dacewa da tambayarka, tunda kana ganin farautar kuɗi za ta rage maka ɓarna. Jihar Tenesi ta buɗe farautar aladen daji a ko'ina ba iyaka a 1999 da niyyar rage su, sai abin ya juye, domin da dabbar ta zama abin nema, mutane suka riƙa ɗaukarta a mota cikin dare suna sakinta a dazuzzukan kusa da su don su ma su sami abin harbi. A 2011 jihar ta janye, ta sanya shi cikin dabbobi masu ɓarna da ake kawarwa. Jihar Mishigan ta ayyana irin na Turai a matsayin haramtaccen baƙo ta fara aiwatar da hanin a 2012, duk da ƙarar da masu gidajen farauta suka kai, jihar Mizuri kuma ta hana farautarsa a filayen hukumar kare daji a 2016. Wanda yake cin abinci da alade ba zai so alade ya ƙare ba. Ka kawo wannan dabba fadamun Kebbi, inda ruwa da shinkafa da rake da rogo suke shekara zagaye, daga Yawuri har Argungu da Suru, ka ba ta abin da ta fi so a duniya, kuma manoman da za su kwana a gona saboda ita ba su ci ko kwabo daga kuɗin baƙinka ba.

Batun cuta ma ba ƙarami ba ne. Zazzabin aladu na Afirka, wanda aka fara bayyana shi a Kenya a 1921, ba ya kama mutum, amma yana kashe kusan duk aladen gida ko na dajin Turai da ya kama, kuma ba shi da magani. Ya shiga ƙasar Jojiya a 2007, ya kai Sin a 2018, aka same shi a aladun dajin Jamus a 2020, kuma shi ne dalilin wancan shinge na Denmak. A Nijeriya ya ɓarke a 1997 kuma bai bar ƙasar ba. A ƙasar Zuru akwai gidajen da kiwon alade ne ke biya musu kuɗin makaranta, kuma garken aladun daji da ke yawo tsakanin ƙauyuka shi ne zai riƙa kai musu cutar har gida. Ban da wannan, suna ɗauke da wani nau'in bakkale, cutar nan mai sa dabba ɓari, da ke kama mai fiɗa ta rauni a hannu, da tsutsar da ke shiga naman mutum idan bai dafu ba, da wata cuta da ke kashe karnukan farauta cikin 'yan kwanaki.

To, gadun namu fa? Shi ɗan gida ne, idan ya fita ba wani sabon bala'i ya kawo ba, amma lissafin kasuwa ba ya fita da shi. Cikin macen ya fi wata biyar da rabi, sau ɗaya take haihuwa a shekara, galibi biyu zuwa huɗu, kuma da yawa daga cikin 'ya'yan ba sa kai shekara. Ciyawa da saiwa yake ci yana durƙushe a kan gwiwoyinsa, yana kwana a ramin dabgi wanda yake shiga da baya don haurensa ya fuskanci ƙofa, kuma gwanin bi ta ƙarƙashin waya ne, har manoman Afirka ta Kudu sukan bar masa 'yar kafa da gangan don kada ya tona wata. Idan ka riƙa harbin manyan maza don baƙi, cikin shekaru kaɗan za su ƙare, daga nan sai ka koma sayen na tarko, wato ka buɗe kasuwar da za ta share ragowar gadun da ke dazuzzukanmu. Yana kuma cikin dabbobin da ƙudan tsando ya fi son jininsu, saboda haka tara shi kusa da mashayar shanu gayyatar sammore ce. Wanda ya je Yankari ya ga yadda gadu ke kiwo a gaban masaukin Wikki mutane suna ɗaukarsa hoto, kuma gadu ɗaya a can yana jawo baƙi shekara da shekaru, alhali wanda aka harba sau ɗaya ake biyan kuɗinsa.

Sai doka da yanayin ƙasa. Afirka ta Kudu ta iya gina sana'ar namun daji cikin shinge ne saboda dokarta ta 1991 ta mallaka wa mai fili dabbobin da ya killace yadda ya kamata. A nan arewa abin da muka gada shi ne dokar namun daji ta 1963, wadda ta sanya farauta da kamu da tsare dabbar dawa a ƙarƙashin izinin hukuma, ga kuma dokar tarayya ta 1985 kan cinikin dabbobi masu ƙarewa, da izinin hukumar killace dabbobi da tsirrai kafin a shigo da kowace dabba mai rai. Dokar filaye ta 1978 ba ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da fiye da hekta 500 don noma ba sai da yardar gwamna, dokar makamai ta 1959 kuma ba ta bar mutum ya miƙa wa baƙo bindiga yadda ya ga dama ba. Idan shingenka ya datse burtali ko mashaya, ka sayi rigimar da ta fi ƙarfin gadu. Sannan ka tambayi kanka wane baƙo ne zai zo. Halin rashin tsaron da dazuzzukan Kuyambana da Kamuku da na Danko-Wasagu suke ciki ba sai na faɗa maka ba, kuma Baturen da ke son aladen daji a ƙasar Musulmi yana da Turkiyya da Tunisiya, inda dabbar take sake a duwatsu kuma harkar ta daɗe da kafuwa.

Ba ka faɗa mini addininka ba, kuma na san ƙasar Zuru ta haɗa Musulmi da Kirista da masu bin gargajiya. Idan kai Musulmi ne, haramcin naman alade yana cikin surorin Baƙara da Ma'ida da An'am da Nahli, hadisin Jabir da ke cikin Buhari da Muslim ya haramta cinikinsa, akwai kuma hani a kan mayar da abu mai rai abin gwajin harbi. Risala, littafin fiƙihun nan da ake karantawa a zaurukanmu, ta ce farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuma halal ce. Kashe dabbar da ke cinye maka amfanin gona daban yake da kiwon ta don a sayar da harbinta, kuma ya kamata ka zauna da malaminku a kan wannan bambanci kafin ka kashe ko sisi.

Game da ɓarnar gonarku, wadda ita ce ainihin damuwarka, maganinta ya fi araha nesa ba kusa ba. Ka kewaye gonar rogon kawai, ka bar dajin. Rami mai zurfi da gefensa na ciki a miƙe, tare da shingen ƙaya mai kauri a bayansa, yana tare mafi yawansu, idan kuma da hali, layi biyu na wayar lantarki mai aiki da hasken rana, ɗaya kusa da ƙasa ɗaya a daidai hancin dabbar, sun fi doguwar waya amfani, muddin ana nome ciyawar da ke ƙarƙashinsu don kada ta sha wutar. Gadu da rana yake kiwo, amma inda ake damunsa yakan koma fita da magariba da dare da asuba, don haka a waɗannan lokuta ne gadi da karnuka suke da amfani, musamman daga lokacin da gyaɗa ta fara ƙosawa har a cire ta. Ku haɗa kai da maƙwabtan gona, domin wanda ya kore shi shi kaɗai gonar ɗan'uwansa ya tura shi. Idan akwai wani da ya saba har ba ya jin kora, ku kai rahoto ofishin gandun daji na ƙaramar hukumarku ta hannun mai gari, a ba maharbi mai izini ya ɗauke shi. Ina roƙonka kada ku zuba guba, ko ta ɓera ko ta feshin gona, domin mushen yakan kashe karnuka da ungulaye da duk abin da ya ci shi, kuma wani lokaci naman yakan ƙare a kasuwa a hannun wanda bai san yadda dabbar ta mutu ba.